Takwaran Anacleto

Riacho das Emas, 20 ga Nuwamba, 1994

Zuwa ga matata Zulmira,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda nake nan lafiya, in ban da kewarki da ciwon gwiwa. Yaya jikin 'yarmu Edileuza? Yaya tagwayen? Kin ce sun fara kama nono da kyau, na gode wa Allah. Ki gaishe da mijinta, ki ce na ce kada ya bar ki kina shiga motocin São Paulo ke kaɗai.

Gida lafiya. Wake da garin rogo nake ci safe da yamma, har kajinki sun fara kallona da tausayi. Shago kuwa sai a hankali. Tun da agogunan roba suka cika kasuwa, ba mai kawo gyara sai tsofaffi irina.

Kin tambayi labarin kifi. Na kuma lura kin tambayi lafiyar compadre Olegário, uban baftismar 'yarmu, kafin ki tambayi gwiwata, amma bari in bar wannan.

Kin dai tuna kifin girgijen nan mai fitowa daga laka in an yi ruwa, da muka kama a kududdufin bayan makabarta a damunar da ta wuce, wanda namijinsa shuɗi ne da ɗigon ruwan zinariya, bai kai tsawon ƙaramin yatsana ba. Ki tuna da kyau, don wata rana za a tambaye ki. Ni na shiga ruwa har cinya da rariyarki ta tankaɗe. Olegário yana bakin gaɓa riƙe da bokiti, yana gudun kada takalminsa ya jiƙe. To, kududdufin nan babu shi. Katafilar masu sabuwar hanya ta binne shi bayan tafiyarki, an zuba tsakuwa a kai. Iyakar saninmu, abin da ya rage na irin kifin nan a duniya shi ne ƙwayayen da muka tara a busasshiyar laka, leda ɗaya a ƙarƙashin gadonmu, leda ɗaya a gidansa. Mun raba ne kamar yadda duk mai kiwon kifin nan yake yi, don kada iri ya ƙare a gida ɗaya.

Hoton da muka aika jami'a ya yi aiki. Wata Farfesa Heloísa ta zo da kanta, 'yar ƙaramar mace da takalmin sojoji. Ki ji rashin sa'a: a dandali mota ta sauke ta, daidai ƙofar gidan burodin Olegário. Kafin labari ya iso ni ya ba ta kofi, ya ba ta burodi mai zafi, ya ba ta labarin yadda "muka" sha wuya. Da na isa ina haki, sai ta miƙo mini hannu ta ce, "Kai ne abokin da ya taimaka?"

Taimaka, Zulmira! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta ce kifin nan ba ya cikin littafin kowa, sabo ne, kuma ita za ta raɗa masa suna. Wai kowane kifi suna biyu yake da shi a wajensu. Na farko sunan zuriya ne, mai tsawo kamar jirgin ƙasa, na biyu nasa na kansa, kuma sau da yawa sunan wani mutum ake ba shi. Ba ta sa nata, wai abin kunya ne a wajen masana mutum ya raɗa wa kansa. Kuma da zarar an buga shi a littafi, shi ke nan har abada, ko Paparoma bai isa ya canza ba. Da ta faɗi "har abada" sai na gyara zama.

Shi kuwa gogan naki cewa ya yi, "Farfesa, ki sa masa sunan burodina mana, ko ciniki ya ƙaru." Ta yi dariya har da dafa tebur. Na san wannan dariyar da yake sa mata. Saura kaɗan ya raba ni da ke da ita tun muna samari, kafin ya dawo ya zama uban baftismar 'yarmu.

An yi ruwan farko ranar Talata. Na tara ruwan saman a randa, na kwance ledar na zuba lakar a ciki. Washegari na duba da gilashina na gyaran agogo, sai ga su suna motsi, kowane kamar gashin ido. Na tsaya ina kallo har kofina ya huce.

Ki sumbaci tagwayen. Ki saka rigar sanyi.

Naki har kullum,
Anacleto


Riacho das Emas, 28 ga Disamba, 1994

Zulmirata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da Edileuza da 'yan biyu. Da fatan kun yi Kirsimeti lafiya. Ni a gidan ƙanwarki na ci, naman ya yi gishiri, amma kada ki faɗa mata. Na ji likita ya ce Edileuza ta ƙara hutawa. Ki zauna har ta warke sarai, ni zan jure.

Yanzu ki gyara zama ki ji ikon Allah. Kifayen sun girma, launi ya fito, kuma nawa duka maza ne. Goma sha ɗaya, ba mace ko ɗaya. Na sake shanya lakar na sake jiƙa ta ko akwai ƙwai masu nauyin barci, ba abin da ya fito. Na Olegário kuwa duka mata. Shi yana cewa zafin ɗakin gashin burodi ne ya jawo, ni dai ban sani ba. Abin da na sani shi ne Farfesa ta rubuto cewa maza take buƙata, don matan irin waɗannan kifaye duk kusan kamarsu ɗaya, ruwan ƙasa-ƙasa, ba ado. Launin namiji ne zai nuna wa duniya cewa wannan daban yake. Kin gane ko? A karo na farko tun muna makarantar firamare, ina da abin da Olegário ba shi da shi.

Ya zo shago ranar Asabar da gari a gira, ya ajiye mini mazarƙwaila a kan tebur.

Ya ce, "Compadre, gwaurayenka suna lafiya? 'Yan matana fa sun isa aure, cikinsu ya cika da ƙwai. Ara mini ango ɗaya, ko mummunan cikinsu ne. Ai mu ma munana ne aka aure mu."

Na ce, "Yi magana a kan kanka."

Ya ce, "To, na ji. In kana tsoron in cinye maka shi, ɗauki mata biyu ka kawo nan. A yi bikin a gidan ango, ni in kawo burodi."

Na ce masa ba su gama ƙosawa ba, a bari tukuna. Ya dube ni, ya dubi akwatunan gilashin da mazan suke ta buɗe fukafukai suna yi wa juna barazana, ya yi murmushi ya tafi. Ya san ƙarya nake yi. Wanda ya taɓa ganin kifin nan ya ƙosa ba zai manta ba. Ke ma kin gani bara, har kika ce in rufe labule don kunya: namijin ya buɗe jikinsa gaba ɗaya yana karkarwa a gaban macen, launinsa ya ƙara kamawa, ya sunkuyar da kai yana nuna mata laka. In ta yarda sai ta manne a gefensa, su nutse tare cikin lakar su ɓace, su binne ƙwai ɗaya a can, sannan su fito ta wurare daban kamar ba su san juna ba. Haka za su yi ta yi har ruwa ya ƙafe su mutu, ƙwai ya zauna a ƙasa yana jiran damuna.

Amma ki yi lissafi da ni. In na ba shi namiji, gobe zai tura wa Farfesa shi ko hotonsa, ya ce nasa ne. In na karɓi matansa, duk garin nan zai ji cewa matan Olegário ne suka ceci iri, kuma bakinsa ya fi nawa tsawo, zai kai jami'a. Ko ta ina na bi, sunansa ne zai hau. Shi yana da gidan burodi mai sunansa a rubuce da jan fenti, yana da 'ya'ya maza huɗu masu ɗauke da sunansa, shi ake ba tuta ranar zagayen coci. Ni me nake da shi? Ina kishi, Zulmira, ban ɓoye miki ba. Kishin har hana ni cin abinci yake yi.

A gama zancen suna tukuna. Ranar da aka gama, da kaina zan ɗauki namiji in kai masa. 'Yan makonni ne.

Mijinki mai kewarki,
Anacleto


Riacho das Emas, 12 ga Fabrairu, 1995

Zulmira,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Na ji daɗi da kika ce tagwayen sun fara dariya. Gwiwa da sauƙi, tunda wannan karon kin tuna da ita.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye. "Ka ba compadre kifi ɗaya, ba ka ji kunya ba?" Wa ya gaya miki? Ni dai na rubuta miki abin da ke zuciyata a matsayin matata, ban ce ki zama lauyansa ba. Kuma yaya aka yi kika san ya sake zuwa sau biyu, alhali ban faɗa miki ba? In matarsa ce take rubuto miki, to. In kuwa shi ne da hannunsa, ina so in sani.

Tunda kin tambaya, ga abin da na yi. Farfesa ta aiko da kwalabe da maganin adanawa, ta ce in sa mata maza biyar ko shida, sauran a bar su su hayayyafa. Dole ne wai sai an kashe an adana, don a samu wanda za a ajiye a jami'a a ce shi ne asalin mai sunan. Na sa mata maza goma. In na bar su da yawa, Olegário ya san inda muke ɓoye makullin ƙofar baya, kuma mutumin da ya ƙwallafa rai ba a ba shi amana. Ban ji daɗin aikin ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Suna shiga ruwan maganin shuɗin ya fara dusashewa a kan idona. Na naɗe kwalaben da tsohuwar rigata, na ba direban motar da ke zuwa birnin Salvador, na rubuta sunana da manyan baƙaƙe a ciki da wajen kwalin.

Na bar ɗaya, wanda ya fi kowa kyau. Yana nan a kan teburin shago kusa da ni, ina ba shi tsutsar sauro da safe. Namiji ɗaya ya ishi mata goma, kin sani. Babu abin da aka rasa.

Olegário ya daina zuwa. Burodi dai yana aiko mini kullum kamar da, ina ci, don ba burodin ne ya yi mini laifi ba. Ranar Lahadi a ƙofar coci ya ce, "Compadre, kifi ba agogo ba ne fa, ba a tsayar da shi a sake ɗaura shi." Na ce masa na gode da wa'azi, na riga na ji na Fada.

Ki daina shiga tsakani. Ki gaishe da kowa.

Anacleto


Riacho das Emas, 25 ga Yuni, 1995

Tsohuwata Zulmira,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai rubuto ba. Yaya ku duka? Yaya sanyin can? Na ga hoton tagwayen, macen ta ɗauko hancinki, Allah ya raya. Ki yi haƙuri da shiruna. Jira nake yi in samu labari mai daɗi in ba ki, kuma aikin masana ba irin namu ba ne, makonnin da na ce miki sun zama watanni.

To, labari ya zo. Ranar jajibirin bikin waliyyi São João aka aiko daga ofishin waya cewa ana nemana. Na tafi da gudu da gwiwar nan. Farfesa ce. Ta ce ta gama, ta miƙa takardunta inda za a buga, kuma sunan kifin na biyu anacletoi. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Zulmira, na riƙe kan wayar nan ina hawaye a gaban ma'aikaciyar ofis, ni da furfurata. Sai ta ce, "Seu Anacleto, na yi mamaki da ka aiko goma, amma na san kun tara ƙwai da yawa a bana. Ka ajiye mini leda ɗaya, ina so in ga yadda suke nutsewa da idona." Na ce mata layin ba ya ji sosai.

Ban koma shago don komai ba sai don in ɗauki kifin. Na cika alkawari, ki shaida. Na zuba shi a kwalbar zuma na bi ta tsakiyar dandali, ana ta jera itacen wutar biki, yara suna gasa masara. Gaskiya tun watan Mayu na ga bayansa ya fara lanƙwasa, yana yawan kwanciya a ƙasa, amma kullum ina ganinsa, sai nake ce wa kaina sanyi ne.

Na tarar da Olegário yana fitar da burodi. Na ce, "Ga angon." Bai tambaye ni zancen suna ba. Ya goge hannu, ya ɗaga kwalbar ya duba a haske ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan ai kakan ango ne, compadre. Amma zo mu gwada."

Matansa uku suka rage, sauran tsufa ya kwashe su. Ya riga ya shimfiɗa musu laka a akwatin tun watan Janairu, yana sabunta ta. Muka saki namijin, muka durƙusa mu biyu kamar masu addu'a. Mace ɗaya ta taso ta zo gefensa. Ya gan ta, Zulmira. Ya buɗe fukafukansa, shuɗin ya ɗan dawo, har na kama hannun Olegário ban sani ba. Ya sunkuyar da kai zai nutse, sai ya kife a gefe ɗaya. Ya tashi ya sake, ya sake kifewa. Macen ta jira, ta zagaya shi, ta shiga lakar ita kaɗai ta fito. Shi kuwa ya kwanta a kan lakar yana numfashi.

Muka bar shi ya kwana a can ko zai farfaɗo. Da safe Olegário ya aiko mini da gawarsa a cikin kwalbar da na kai shi, tare da burodina.

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Da ya ce "ai na gaya maka" da na samu abin riƙewa. Burodi kawai ya aiko, kuma yanzu duk gari shi ake tausaya wa. Har a nan ma ya fi ni.

Ki rubuto mini ko layi biyu ne.

Naki,
Anacleto


Riacho das Emas, 30 ga Yuli, 1995

Zuwa ga Zulmira, uwar Edileuza,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, da yara da iyayensu. Ban ga amsarki ba. Na san kin samu wasiƙata, don matar Olegário ta ce kin rubuto mata kina tambayar yadda compadre ya ji. Ni ma ina nan da rai, in ana tambaya.

Na hau keke na zagaya duk inda ruwa yake kwanciya daga nan har gonar su Seu Firmino. Na ɗebo laka a wurare da yawa na jiƙa. Kwaɗi na samu. Na je har inda kududdufin yake, na tsaya a gefen kwalta, motocin ɗaukar auduga suna wucewa ta kai.

Ranar Alhamis da hantsi Olegário ya shigo shago riƙe da kwalba. Rabonsa da shagon tun watan Janairu. Ya matsar da agogunan mutane, ya ajiye ta a gabana. Mace ɗaya ce a ciki, ta ƙarshe, cikinta a kumbure.

Ya ce, "Na ji labari a wajen mai aski. Barka, compadre, ka shiga littafi."

Na ce, "Olegário..."

Ya ce, "A'a, ka cancanta, ai kai ka shiga ruwa. Ga takwararka nan. Tunda sunanka take ɗauke da shi, kai za ka ciyar da ita. Ni na gaji da kallonta." Ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Ba ta son tsutsa manya, bakinta ya tsufa."

Tana nan a kan teburina. Na shimfiɗa mata laka, don ban san me zan yi mata ba in ba wannan ba. Kullum da safe takan zagaya akwatin ta duba kowane lungu, sannan ta nutse ita kaɗai, ta daɗe, ta fito. Jiya na tsame lakar na duba da gilashina. Akwai ƙwai, Zulmira, masu yawa. Farare ne fat, ba ɗigon rai a cikin ko ɗaya, na san ba abin da zai fito ko an yi ruwan Nuhu. Duk da haka na matse lakar, na shanya ta a inuwa yadda ake yi, na ƙulle a leda. Na ɗauko alƙalamin da nake rubuta rasit, na rubuta sunan a jiki, duka biyun, na zuriya da nawa. Ya yi kyau a rubuce.

Farfesa ta aiko cewa za ta zo da damuna ta karɓi ledarta.

Ki dawo gida, don Allah. Ki gaishe da Edileuza, ki shafa mini kan tagwayen.

Ni ne mijinki,
Anacleto